Ba miskilanci ba ne, ba ya ji ne: Dalilin da ya sa jami'o'in Arewa za su horar da masu gyaran ji da magana

Ɗan yayata yana da shekara ɗaya da 'yan watanni sanƙarau ya kama shi, a tsakiyar bazara. Ya yi kusan mako biyu a gadon asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunsa, aka dawo gida ana hamdala. Babu wanda ya ce a gwada kunnensa kafin a sallame mu, mu ma ba mu san ana gwadawa ba.

Kafin ciwon ya fara cewa "Mama" da "Baba". Bayan ciwon sai ya yi shiru. A kira shi ba ya waiwayowa, sai an taɓa shi. Mutanen gida suka ce miskili ne. Goggonmu ta ce, "Ku ƙyale yaron nan, ubansa ma sai da ya shekara uku kafin bakinsa ya buɗe." Wata maƙwabciya ta kawo shawarar a kai shi wajen wanzami ya duba ƙasan harshensa. An yi rubutu, an yi tofi, an jira.

Yana dab da cika shekara huɗu na ce wa mahaifiyarsa, "Yaya, mu kai shi wajen likitan kunne mana." Likita ya leƙa, ya ce dodon kunnen lafiya lau yake, matsalar tana can ciki, kuma sai an yi gwaji da na'ura a wani gari. Muka yi tafiyar, muka bi layi, sakamako ya fito: jin yaron ya yi rauni ƙwarai a kunnuwa biyu.

Dangi suka haɗa kuɗi aka sayi na'urar ƙara ji. Muna tsammanin an gama, ashe yanzu aka fara. Na'ura sauti take kai wa yaro, ba ta koya masa magana. Da ƙyar muka samu wata ƙwararriya mai koyar da magana. Mutuniyar kirki ce, ta san aikinta, amma ba ta jin Hausa. Katunan da take aiki da su na Turanci ne, da hotunan abubuwan da yaron bai taɓa gani a gidansu ba. Yayata kuma, wadda ita ce za ta ci gaba da atisayen a gida, Hausa kaɗai take ji. Bayan zuwa biyar ko shida muka haƙura.

Yau yana makarantar kurame, yana maganar hannu kamar ruwa, yana da kaifin basira. Amma shekarun da suka fi kowanne daraja wajen koyon harshe sun wuce shi yana zaune cikin shiru. Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da jami'o'inmu na Arewa za su ɗauki horar da masana ji da masu gyaran magana a matakin digiri na biyu da muhimmanci, kuma horon ya ginu a kan harsunan da mutanenmu ke magana da su.

Su wane ne waɗannan ƙwararru?

Mutane da yawa suna ɗauka likitan kunne, hanci da maƙogwaro shi ne komai. Aikinsa daban ne. Shi ne mai ba da magani da yin tiyata.

Masanin ji shi ne mai auna yawan abin da mutum ke ji da inda matsalar take. Yana da gwajin da ake yi wa jariri yana barci, a sa masa ɗan ƙaramin abu a kunne, cikin 'yan mintuna a ga ko kunnen na amsa sauti. Yana da wani da ake manna wayoyi a kai a ga yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Shi ne kuma mai zaɓar na'urar ƙara ji ya saita ta daidai da raunin kunnen mutum. Na'urar da aka saya a kasuwa ba tare da awo ba kamar tabarau ne da aka ɗauka a kan tire, tana iya ƙara ɓata abin da ya rage.

Mai gyaran magana kuwa aikinsa ya wuce kurame. Shi ne ke taimaka wa yaron da maganarsa ta yi jinkiri, da mai in'ina, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa aka yi masa aiki. Shi ne ke zama da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, ya san abin da yake so ya faɗa amma kalmar ta ƙi fita. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda wannan ciwo ya kama suna fuskantar haka. Har matsalar haɗiyar abinci, wadda kan sa abinci ya faɗa huhun majiyyaci, tana cikin aikinsa.

A Najeriya doka ta san da waɗannan sana'o'i. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, ita ce ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi da sauran masu aikin farfaɗo da majiyyata. Sana'ar tana nan a takarda. Masu yin ta ne ba su kai ba.

Girman giɓin

A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na farko kan ji. Ta ce mutum fiye da biliyan 1.5 na da raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu na buƙatar kulawar ƙwararru. A cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 93 cikin 100 ba su da ko da masanin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 17 cikin 100 ne kacal ke da mai gyaran magana ɗaya ko fiye ga mutum miliyan ɗaya. A 2024 ofishin hukumar na Afirka ya ce kimanin mutum miliyan 40 ne ke fama da raunin ji a yankin.

Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa.

Dubi abubuwan da ke kawo shi, ka ga ko akwai wanda baƙo ne a wurinmu: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, wahalar haihuwa, ciwon kunne mai fitar da mugunya da aka bari ya daɗe, da wasu allurai irin su gentamicin idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar suna tsakiyar yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya tashi daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996 kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. A cikin waɗanda suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya cikin biyar kan tashi da wata lalura ta dindindin, kuma kurumta na kan gaba. Zazzaɓin Lassa ma yana kurumtar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke.

Ga kuma ƙara. Mai injin markaɗe, mai walda, mai aikin katako da wanda ke kwana kusa da janareta duk suna cikin haɗari. Ƙa'idar da aka saba bi a wuraren aiki ita ce kada mutum ya wuce awa takwas a cikin ƙarar da ta kai desibel 85. Wa ke auna wannan a kasuwanninmu?

A harkar ji, lokaci shi ne jari. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi a Amurka, wadda ƙasashe da dama suka ara, ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Wanda ya tashi daga sanƙarau kuma ana so a gwada shi da gaggawa, domin ƙashi kan tsiro a wani sashe na can cikin kunne mai kama da dodon koɗi, ya toshe damar dasa masa na'urar ji daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan yayata ya kusa shekara huɗu kafin a gwada shi, kuma ba shi ne ya fi kowa makara ba a layin da muka bi ranar.

Gyaran magana aikin harshe ne

Likitan ƙashi daga kowace ƙasa zai iya ɗora karaya a Gusau ko Azare ba tare da ya iya gaisuwa ba. Mai gyaran magana ba shi da wannan damar, domin harshe shi ne kayan aikinsa kuma shi ne abin da yake gyarawa.

Ɗauki Hausa. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. "Gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo, jan wasali ne ya raba su. "Bari" da "ɓari", "kafa" da "ƙafa", "kara" da "ƙara", ɗan motsi ne a maƙogwaro ya raba su. Turanci ba ya rarrabe kalmomi da ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi yadda Hausa ke yi. To, wanda aka horar da gwaje-gwajen Turanci kaɗai, ta yaya zai gane cewa yaro ya kasa furta ƙ ko ts, balle ya koya masa?

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren. Bahaushe kan furta p da f kusan iri ɗaya idan yana Turanci, kuma wannan ba lalura ba ce, tsarin harshensa ne. Basakkwace ya ce "hwari" inda Bakano ke cewa "fari", dukansu daidai suke. Wanda bai san wannan ba zai iya rubuta wa lafiyayyen yaro cewa yana da matsala, ya bar mai matsalar ta gaske ya wuce.

Hatta gwajin ji yana da sashen da ake karanto wa mutum kalmomi ya maimaita. Ka karanto wa tsohuwa daga ƙauye jerin kalmomin Turanci, idan ta kasa, kunnenta ne ya kasa ko Turancinta?

Shi kuma dattijon da ciwo ya ɗauke wa magana, abin da yake so ya dawo masa shi ne ya kira sunan matarsa, ya amsa sallama, ya yi addu'a da bakinsa. Da harshen da ya tashi da shi zai yi wannan.

Saboda haka ana buƙatar bincike: a wace shekara yaron Bahaushe ya kamata ya iya furta ɗ, ƙ da r? Kalmomi nawa ɗan shekara biyu ya kamata ya sani? Waɗanne kalmomi suka dace da gwajin ji a Hausa, Fulfulde, Kanuri ko Nupe? Irin waɗannan tambayoyi ɗaliban digiri na biyu da na uku ne ke amsa su a kundayen bincikensu. Babu wanda zai zo daga Landan ya yi mana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me ya sa digiri na biyu?

Na farko, ita ce hanya mafi sauri. A Ingila, wanda ya yi digirin farko a fanni kamar nazarin harshe ko halayyar ɗan Adam yana iya yin digiri na biyu na shekara biyu ya fito mai gyaran magana. A Amurka sai da digiri na biyu ake shiga wannan sana'a, masanin ji kuwa sai da digirin dakta na fannin. Mu ma muna da ɗimbin matasa da suka gama digiri a Hausa, nazarin harshe, ilimin masu buƙata ta musamman da aikin jinya, wasunsu suna zaune babu aiki. Wanda ya riga ya san ilimin furuci da tsarin sautin Hausa ya ci rabin tafiya. Abin da ya rage masa shi ne sanin jikin mutum da aiki da majiyyata a asibiti.

Ni da na fito daga kwalejin kimiyya da fasaha da babbar difloma na san yadda ƙofofin jami'a ke rufe wa irinmu. Ya kamata a yi diflomar share fage ta shekara ɗaya ga ma'aikatan lafiya da malaman makarantun kurame masu irin wannan takarda, wanda ya ci ya wuce digiri na biyu. Su ne suka fi kowa sanin yaran.

Na biyu, digiri na biyu ne ke haifar da malamai. Ba za a iya buɗe digirin farko mai ɗorewa ba sai da masu koyarwa. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da ilimin ji da gyaran magana a ƙarƙashin sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman, shi ya sa idan ana maganar fannin a Najeriya sunanta ake fara kira. Jami'ar Makerere ta Uganda ta buɗe nata digirin na gyaran magana a 2008. Jami'ar Ghana da ke Accra ta fara digiri na biyu a fannin a 2016 da 'yan ɗalibai kaɗan. Ba su jira komai ya cika ba kafin su fara.

Kayan haɗin suna nan

Abin da ke ba ni takaici shi ne kusan duk abin da ake buƙata yana nan, a warwatse ne kawai. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999, tana horar da likitoci da ma'aikatan jinya na fannin kunne. Tafiyar awa ɗaya daga nan ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Shika. A Kano ga Jami'ar Bayero mai sashen ilimin masu buƙata ta musamman da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga makarantar Tudun Maliki. A Sakkwato ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin yara masu cutar noma, inda waɗanda aka yi wa aikin fuska ke buƙatar sake koyon ci da magana. Jos da Maiduguri ma suna da jami'o'i da asibitocin koyarwa.

Abin da ya rage shi ne malamin harshe, likitan kunne da malamin kurame su zauna a teburi ɗaya su tsara manhaja, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da MRTB su duba su amince, asusun TETFund ya sayi na'urori ya gina ɗakin gwajin da sauti ba ya shiga. Jami'a ɗaya ko biyu sun isa a fara, da ɗalibai goma ko goma sha biyar.

Ƙorafin da na san za a yi

Wani zai ce, ana fama da zazzaɓin cizon sauro da yunwa, wa ke ta gyaran magana? Amsa ita ce yaran da muke cetowa daga sanƙarau da shawara su ne waɗannan. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau, abin a yaba ne. Amma wanda ya riga ya kamu ya tsira fa? A ceto ransa sannan a bar shi ya kasa karatu, ya ƙare a bara a bakin titi, aiki ne rabi da rabi.

Wani zai ce za a horar da su ne su gudu Saudiyya ko Ingila. Wasu za su tafi, babu shakka. Amma abin da ke korar ƙwararre shi ne ya gama karatu ya tarar babu gurbinsa a tsarin aikin gwamnati. Gwamnatocin jihohi su buɗe guraben masanin ji da mai gyaran magana a manyan asibitocinsu, su ɗauki nauyin ɗalibai bisa sharaɗin yin aiki na wasu shekaru. Kuma wanda ƙwarewarsa ta ginu a kan Hausa, kasuwarsa tana nan, daga Kano har Maraɗi da Damagaram.

Ƙorafi na uku daga kurame kansu yake fitowa, kuma shi ya fi cancanta a saurara. Da yawansu suna cewa su ba marasa lafiya ba ne da za a gyara, suna da harshensu. Gaskiya ne. Maganar hannu ta Hausa tsohon harshe ne mai ƙa'idojinsa, har masaniyar harshe Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kansa a 2000 bayan bincike a Kano. Ba kowane kurma ne zai yi magana da baki ba, kuma ba dole ba ne. Abin da ba a so shi ne yaro ya kai shekara huɗu ko biyar ba shi da kowane harshe, na baki ko na hannu. Don haka maganar hannu ta zama darasi na dole a wannan digiri, kuma kurame su kasance cikin masu koyarwa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi da kula da lafiya. Haƙƙi kuwa ba ya isa ga mai shi sai da ma'aikacin da zai kai masa.

Kafin jami'o'i su motsa

Iyaye kada su jira. Idan jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya juyowa wajen sauti, ko ya shekara ba ya gwalantu, ko ya shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, a kai shi asibiti a nemi gwajin ji. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ko shawara mai tsanani a nemi a gwada kunnensa ko da yana wasa lafiya. A daina ɗura mai ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da ruwa.

Ga shugabannin jami'o'i, kwamishinonin lafiya da 'yan majalisarmu kuwa, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. An saba a yi taro, a yi jawabi, a raba 'yan na'urori a ɗauki hoto. A wannan karon muna so mu ji wata jami'a ta sanar da ranar da za ta fara sayar da fom.

Kwanakin baya yayata ta ce min, "Da mun sani da wuri, da yanzu wata maganar ake." Na ce, "Yaya, ko da mun sani, wa za mu je wurinsa?" Ta yi shiru. Yaran da za a haifa a wannan bazarar bai kamata iyayensu su rasa amsar wannan tambaya ba.